Yadda za ku fara karatun halayyar ɗan Adam tun kuna SS2

Duk shekara idan hunturu ya kama Jos aka fara maganar fom ɗin JAMB, ba na rasa ɗaliban da za su same ni bayan an tashi su ce, "Malama, ni fa saikoloji nake so, amma ban san ta inda ake farawa ba." Ni ce mai ba ɗalibai shawara a wata sakandare a nan cikin gari, kuma ilimin halayyar ɗan Adam, wato saikolojin da suke nufi, na karanta a jami'a. Abin da ke damuna shi ne yawancinsu sai a tsakiyar SS3 suke zuwa, lokacin da an riga an yi rajistar darussan WAEC, wasu kuma sun daɗe da yin watsi da lissafi. Shi ya sa na ga gara in rubuta wa 'yan SS2 da waɗanda suka shiga SS3 yanzu, ƙannena maza da mata, tun ran gini tun ran zane.

Magana ta farko: babu takardar saikoloji a jarrabawar WAEC ko NECO da kuke zaunawa. Wasu makarantun kuɗi a Abuja da ke bin manhajar Cambridge ta Ingila suna koyar da shi a matakin A-Level, a can yaro zai yi shekara biyu yana nazarin gwaje-gwaje ɗaya bayan ɗaya. Ku da ke Gangare, Anguwar Rogo, Rikkos ko Bukuru, babu malamin da zai shigo aji da wannan darasi. Wannan bai hana ku farawa ba. Da littafin rubutu guda, da waya mai ɗan data, da awa biyu a mako, za ku shiga aji ɗaya a jami'a kuna da abin da da yawa ba su da shi.

Ku fara sanin me kuke nema

Da yawa suna zuwa da tunanin cewa za a koya musu karanta zuciyar mutum daga kallon idonsa, ko gane mai ƙarya daga yadda ya sosa hanci. Babu wannan a manhajar kowace jami'a ta kirki. Saikoloji kimiyya ce da ke nazarin yadda mutum ke koyo, da tunawa, da mantuwa, da tsoro, da bin jama'a, da yanke hukunci, kuma hanyarta ita ce aunawa da gwaji. Ana ƙirga farkonsa a matsayin fanni mai zaman kansa daga 1879, shekarar da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta Jamus. Cikin abin da ake yi a ɗakin nan har da auna tsawon lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya danna maɓalli bayan ya ji ƙara ba. Daga irin wannan ƙaramin aiki mai buƙatar haƙuri fannin ya taso, kuma har yau haka yake.

Akwai rabuwar hanya da ya kamata ku gane yanzun nan, domin ita ce ba ta gyaruwa cikin sauƙi daga baya. Likitan ƙwaƙwalwa, wanda ke rubuta magani a asibiti irin JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ko asibitin Barnawa da ke Kaduna, likita ne cikakke. Ya karanta likitanci na shekara shida, sannan ya ƙware a wannan ɓangare. Wanda yake son wannan dole ya zauna a ajin kimiyya ya riƙe fiziks da kemistiri da bayoloji. Masanin halayyar ɗan Adam kuwa digirin shekara huɗu yake yi, yawanci a tsangayar kimiyyar zamantakewa, ba ya rubuta magani, kuma kafin ya zauna da marasa lafiya a asibiti sai ya ƙara digiri na biyu a ɓangaren kula da masu larura tare da horo a hannun ƙwararru. Duka biyun aiki ne mai daraja, amma ƙofar shigarsu daban. Ku zauna ku tambayi kanku wanne kuke nufi.

Darussa uku da ba a wasa da su

Lissafi ne na farko, kuma na san ba shi kuke son ji ba. Ɗalibai da yawa suna gudowa fannin nan ne don sun zaci babu lamba a ciki. Akwai ta, tun daga aji ɗaya. Za ku yi kwas na ƙididdiga, za ku sake yin wani, kuma aikin binciken da za ku rubuta a aji huɗu a kanta zai tsaya. Saboda haka idan malamin lissafi ya zo babin sitatistiks, inda ake fitar da matsakaici da auna yadda lambobi suka warwatsu, da babin yiwuwar faruwar abu, ku matso gaba ku zauna. Ba sai kun zama gwanaye a kowane babi ba, amma waɗannan biyun naku ne. Ku nemi kiredit ɗin lissafi da gaske, ko da wani ya ce muku an sassauta.

Na biyu bayoloji. Wanda ke ajin fasaha ko na kasuwanci, idan makarantarsa ta ba da dama, ya yi rajistarsa. Babin da ake yi kan ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi, da na sinadaran da jiki ke fitarwa irin su adirinalin, da na ido da kunne, da na gado, su ne za ku sake tararwa a jami'a da faɗi. Wanda ya fahimci yadda saƙo ke tsallakawa daga ƙwayar jijiya zuwa wata tun a sakandare, shi zai fi saurin gane abin da tiramadol ke yi wa matashi.

Na uku Turanci, ba don jarrabawa kaɗai ba. Kusan duk abin da za ku karanta da shi aka rubuta, kuma za a riƙa ba ku shafuka masu yawa.

Game da JAMB, tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku. Waɗanne uku za ku haɗa? A nan ne nake roƙonku kada ku dogara da maganar yaron shagon kwamfuta, ko ta wani yaya da ya shiga shekarun baya. Jami'o'i sun bambanta a abin da suke nema, wata tana son bayoloji, wata lissafi, wata ta bar ku ku zaɓa daga darussan fasaha da zamantakewa. Ku shiga shafin JAMB ku buɗe kundin sharuɗɗan shiga na shekarar da za ku zauna, ku nemi jami'ar da kuke so da sunanta, ku kwafe sharuɗɗanta da hannunku. Mu a Jos mun yi sa'a, Jami'ar Jos tana da sashen wannan fanni, ba sai an yi nisa da gida ba. Akwai shi a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, da ta Jihar Binuwai a Makurdi, da Ibadan, da Nsukka wadda ita ta fara buɗe sashen a ƙasar nan a 1964.

Littafin rubutu da tambayoyi biyar

Yanzu ga ainihin karatun. Ku sayi littafi mai kauri ku keɓe shi. Kada ku cika shi da ma'anonin kalmomi. Kowane mako biyu ku ɗauki gwaji guda da masana suka taɓa yi, ku rubuta amsar tambayoyi biyar a kansa: me aka so a gano, su wa aka gwada kuma su nawa ne, me aka yi musu daki-daki, me aka samu, sannan me zai sa mutum ya yi shakkar sakamakon. Ta biyar ta fi sauran muhimmanci, kuma ita ce ɗalibai ke tsallakewa.

Ga misali. A 1961, a Jami'ar Yale ta Amurka, Stanley Milgram ya nemi maza ta hanyar talla a jarida, ya ce musu binciken koyo ne. Aka zaunar da kowanne gaban na'ura mai maɓallai na ƙarfin lantarki daga bolt 15 har zuwa 450, aka ce duk lokacin da mutumin da ke ɗaya ɗakin ya ba da amsa ba daidai ba, ya danna masa lantarki, ya kuma ƙara ƙarfi. Babu lantarkin gaske, wancan mutumin ɗan wasa ne, amma mai dannawa bai sani ba. Idan ya yi jinkiri, sai wani mai rigar ɗakin gwaji ya ce masa ya ci gaba. Cikin mutum 40, 26 sun kai maɓalli na ƙarshe, kashi 65 cikin ɗari ke nan. Nan yawancin masu ba da labarin ke tsayawa. Ku kada ku tsaya. Milgram ya sake gwajin ta fuskoki da dama: da mai ba da umarnin ya fita ya koma magana ta waya, biyayyar ta faɗi ƙasa sosai, haka ma da aka sa wasu mutum biyu a gefe suka ƙi ci gaba. Sai ku rubuta shakkunku: duk maza ne a gwajin farko, duk daga yanki ɗaya, wasu ƙila sun gane wasa ne, kuma an jefa mutane cikin tashin hankalin da yau ba za a yarda a yi wa kowa ba. Shafi ɗaya irin wannan ya fi shafi ashirin na haddar ma'anoni.

Akwai gwaje-gwaje biyu da nake so kowane ɗan Jos ya rubuta su kusa da juna. Na farko na Muzafer Sherif ne, Baturke da ya yi aiki a Amurka. A 1954 ya kai yara maza 22, 'yan shekara goma sha ɗaya zuwa sha biyu, wani sansanin hutu a jihar Oklahoma, ya raba su gida biyu. Aka haɗa su gasa mai kyauta ga wanda ya ci kaɗai. Kafin a ce me, sun fara zagin juna, an ƙona tuta, an kai hari ɗakin kwana. Da aka zo sulhu, aka zaunar da su cin abinci wuri ɗaya, sai suka koma jifan juna da abincin. Abin da ya sauko da gabar shi ne matsalar da ta shafi kowa: ruwan sansanin ya ɗauke sai da suka haɗu suka gyara, motar kawo abinci ta ƙi tashi sai da suka ja ta da igiya gaba ɗayansu. A gefen shakku ku rubuta cewa masu binciken da kansu sun hura wutar, kuma a shekarar da ta gabata sun gwada irin haka da wasu yaran, yaran suka ƙi yin faɗa.

Na biyun a Kaduna aka yi shi, nan kusa da mu. Alexandra Scacco da Shana Warren suka shirya wa samari Musulmi da Kirista kwas ɗin koyon kwamfuta na mako goma sha shida. Ta hanyar ƙuri'a aka rarraba su, wasu a ajin da aka gauraya, wasu a ajin 'yan addini ɗaya zalla. Sakamakon da suka wallafa a 2018 ya nuna cewa ra'ayin samarin game da ɗaya ɓangaren bai sauya ba, abin da suke faɗa da baki yana nan yadda yake. Amma da aka zo gwajin rabon kuɗi, waɗanda suka zauna a ajin gauraye sun fi waɗanda suka zauna da 'yan uwansu kaɗai yin adalci ga wanda ba addininsu ɗaya ba. Wanda ya tashi a garin da rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 suka raba unguwanni, har ta kai yaro zai gama sakandare bai taɓa zama benci ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba, ba ya buƙatar a yi masa bayanin dalilin da ya sa wannan bincike ya shafe shi. Ni wannan ne ya fi komai riƙe ni a fannin nan. Tambayar da iyayenmu ke yi a zaure, ko zama tare yana gyara zukata, ashe ana iya gwada ta, a samu amsa, kuma amsar ta zo da sarƙaƙiyar da babu wanda ya zata.

Ku lura da maganar ƙuri'a da na ambata, domin ita ce zuciyar gwaji. Da an bar samarin su zaɓi aji da kansu, masu sauƙin kai ne za su shiga na gauraye, sai a rasa gane ko ajin ne ya yi aiki ko halinsu na asali. Haka idan aka ce muku yaran da ke zuwa lesin sun fi cin jarrabawa, ku tambaya: lesin ɗin ne, ko kuwa gidan da ke iya biyan kuɗin lesin shi ne kuma ke da wuta da littattafai da abincin safe? Ganin abu biyu suna tafiya tare bai nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan ba. Duk ɗalibin da wannan ya zauna masa a kai kafin ya bar sakandare ya gama rabin aji ɗaya.

Bayan waɗannan, ku bi da gwajin layuka na Solomon Asch na 1951 kan bin ra'ayin jama'a, da na Albert Bandura na 1961 kan yadda yara ke kwaikwayon duka, da na Elizabeth Loftus na 1974 kan yadda kalmar da aka yi tambaya da ita ke sauya abin da shaida ya tuna. Ivan Pavlov da karnukan da ya yi gwajin koyo da su za ku same su ko'ina. Sigmund Freud kuma, mai nazarin mafarki da ɓoyayyen tunani, ku bar shi sai kun shiga jami'a, a matsayin tarihi za a koya muku shi.

Ku fara da kanku

Amfanin farko da za ku ci daga wannan ilimi a jarrabawar da ke gabanku ne. A 1885 Hermann Ebbinghaus ya wallafa abin da ya samu bayan ya daɗe yana haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna yadda suke zubewa. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a awannin farko da ranar farko, daga nan ta lafa, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi zaman karanta shi sau huɗu, wasu suka yi zama ɗaya sannan aka sa su rubuto abin da suka tuna har sau uku ba tare da dubawa ba. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda kuwa, masu rufe takarda sun tuna kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kashi 40. Abin mamakin shi ne masu maimaitawar sun fi amincewa da kansu.

Wanda ya yi hadda a Islamiyya ya san wannan a jikinsa: malam ba ya karɓar hadda da Alƙur'ani a buɗe, kuma shafin da ba a yi wa muraja'a ba guduwa yake. To ku ɗauki wannan tsari ku kai shi kan gwamnati da tattalin arziki da bayoloji. Ku karanta babi, ku rufe, ku rubuto abin da kuka tuna a farar takarda, sannan ku buɗe ku ga inda kuka yi giɓi. Ku koma masa washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako. Tsofaffin tambayoyin WAEC da JAMB ku riƙa amsa su kafin ku duba amsar, ba ku karanta tambaya da amsa tare ba. Kwanan zaune a daren jarrabawa kuma ku bar shi, barci na cikin abin da ke zaunar da karatu a ƙwaƙwalwa.

Daga nan ku gwada ƙananan gwaje-gwaje a gida. Mafi sauƙi shi ne na John Ridley Stroop na 1935, kuma da Hausa ma yana aiki. Ku samu biro ja, shuɗi, baƙi da kore. A takarda ɗaya ku rubuta sunayen launuka kowanne da bironsa. A ta biyu ku rubuta "ja" da shuɗin biro, "kore" da jan biro, haka dai har kalma ashirin. Ku ce wa mutum ya faɗi launin tawadar, ba kalmar ba, ku auna lokaci da agogon waya. Za ku ga ta biyun ta fi cin lokaci, domin karatu ya zama abin da ƙwaƙwalwa ke yi da kanta ko ba a sa ta ba. Ku gwada mutum goma, rabi su fara da takarda ta farko, rabi da ta biyu, ku fitar da matsakaici. Sannan ku gwada ƙaramin ƙanenku da bai iya karatu ba tukuna, ku ga me zai faru. Wani gwajin: ku karanta wa 'yan ajinku kalmomi goma sha biyar, su rubuto abin da suka tuna, ku ƙirga ku ga na farko da na ƙarshe ne suka fi tsira ko na tsakiya.

Sharaɗi guda ba na sassauta shi: ku gaya wa mutum abin da za ku yi, ya yarda, kuma yana da damar cewa ya fasa. Kada ku tsorata kowa, kada ku kunyata kowa, kada ku rubuta sunan kowa a littafinku. Da Goggo da Kawu da yaron maƙwabta duk haƙƙinsu ɗaya a nan.

Abin da ke waya, da abin da ke namu

Bidiyoyin TikTok da Facebook masu cewa "alamomi bakwai da ke nuna mutum na ƙin ka" ba ilimi ba ne. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: an faɗi wanda ya yi binciken, da shekarar, da yawan mutanen da aka gwada? Idan babu, ku wuce. Jami'ar Rice ta Amurka tana da shirin OpenStax da ke ba da littafin gabatarwa na saikoloji kyauta, ku sauke shi sau ɗaya inda kuka samu intanet mai ƙarfi, ya ishe ku shekara biyu. Ku fara da babin hanyoyin bincike, sai na ƙwaƙwalwa, sai na koyo da tunawa.

Ko littafin ma kada ku haɗiye shi ɗungurungum. A 2015 gungun masana suka sake yin gwaje-gwaje 100 da aka wallafa a manyan mujallu, waɗanda suka sake ba da sakamako mai ƙarfi ba su kai rabi ba. Kafin nan, a 2010, Joseph Henrich da abokan aikinsa sun ja hankali cewa kusan kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwadawa a manyan mujallun fannin daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin ɗari na mutanen duniya ba. Don haka duk abin da kuka karanta ku tambaya: haka yake a gidanmu? Littafi zai ce yaron da ba ya kallon babba cikin ido yana da matsalar yarda da kai, alhali a wurinmu tarbiyya ce. Kunya, kara, zaman gandu, goyon kaka, alkunyar ɗan fari, kaɗan ne aka auna a cikinsu yadda ya kamata. Ku keɓe shafukan bayan littafinku don irin waɗannan tambayoyi. Wata rana ɗaya daga ciki zai zama aikin bincikenku na aji huɗu.

Kuma kada wani ya ce muku wannan ilimi baƙo ne gare mu gaba ɗaya. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 934, ya yi rubutu kan kula da lafiyar rai kamar yadda ake kula da ta jiki, ya yi magana kan fushi da tsoro da waswasi, ya kuma bambance baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauko wa mutum ba dalili. A ƙasarmu, Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta a 1954, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansu, suna zuwa asibiti karɓar magani, maimakon a kulle su. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Waɗannan sunaye biyu suna da amfani ranar da wani a gida ya ce karatun zai raba ku da addini ko da al'ada.

Iyakar da ba za ku tsallaka ba

Da zarar ɗalibi ya karanta babi biyu kan cututtukan ƙwaƙwalwa, sai ya fara ganin su a jikin kowa. Ya ce wa ƙawarsa tana da ciwon damuwa, ya ce kishiyar mamarsa ga sunan cutarta. Ina roƙonku da babbar murya, kada ku yi. Gano cuta aikin wanda ya yi shekaru yana horo ne, kuma a garinmu kalma ɗaya irin wannan tana iya bin yarinya har ranar da za a zo neman aurenta. Abin da aka gaya muku a asirce kuma amana ne.

Wuri ɗaya ne amana ba ta hana magana: idan aboki ya ce ya gaji da rayuwa, ko yana maganar kashe kansa, ko kun ga ya nutse cikin shaye-shaye, ko wani babba yana cutar da shi. Nan ba wurin gwada abin da kuka karanta ba ne. Ku saurare shi, kada ku yi masa wa'azin tsawa, kada ku bar shi shi kaɗai, ku gaya wa babban da kuka yarda da shi a ranar. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, ana haɗa su. Matsalar ba ƙarama ba ce: binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. A 2018 ɗin ne kuma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin.

Ranar da za ku gaya wa Baba

Tambayar da zai yi kun san ta: "To idan ka gama, aikin me za ka yi?" Tambaya ce ta gaskiya, kada ku ji haushinta, kada kuma ku yi masa alƙawarin da ba ku da iko a kai. Ku gaya masa cewa digirin farko shi kaɗai ba ya mai da mutum mai duba marasa lafiya, akwai digiri na biyu a gaba, kuma wannan kuɗi ne da lokaci. Ku gaya masa inda masu wannan karatu ke aiki: asibitoci, cibiyoyin gyaran masu shaye-shaye, hukumar NDLEA, gidajen gyaran hali, rundunar soja, makarantu, sashen kula da ma'aikata a kamfanoni, da ƙungiyoyin agaji da ke aiki da waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Ku ƙara masa da cewa a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, kuma masu jin Hausa da za su zauna da Inna ko Malam su saurare su da harshensu ba su da yawa a wannan aiki.

Kada ku je masa hannu rabbana. Ku tafi da sharuɗɗan jami'ar da kuka kwafe, da sakamakonku na lissafi da bayoloji na zangon da ya wuce, da littafin nan naku. Idan akwai wani yaya ko wata anti a dangi da ke Jami'ar Jos, ku roƙe su su haɗa ku da ɗalibin sashen da ke aji uku ko huɗu, ku ji daga bakinsa kwasa-kwasan da ya yi da wanda ya fi ba shi wuya, kafin ku biya kuɗin fom.